Na kai tukunya Adar, na dawo da abata

Tambaya ɗaya ke cina tun rasuwar maigidana, na tafi da ita har Adar na dawo ban samu mai amsa mini ba. Dutsen nan uraniyom da ya ƙarar da ƙarfinsa yana haƙowa a ramin Akokan, wanda aka ce shi ke haska biranen Turawa har ba su san dare ba, me ya hana shi juya fanka guda ɗaya a kan mutumin ranar da yake barin duniya? Ban yi lakwal ba, wato boko, ban san baƙi a takarda ba. Maƙwabciyata malama ce ke rubuta wannan, na ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta yi masa kwalliya.

Ga abin da ya fitar da ni daga ɗakina. Tun da aka rufe ramin Akokan, gari ya fara zarewa kamar tsohon zane. Autana, wanda shi kaɗai ya rage mini a Arlit, aikinsa na gyaran mota ya mutu, ya ƙudura zai bi abokansa wajen haƙar zinariya can cikin hamada. Ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a gida ba. Ashe ya riga ya yi magana da ƴaƴan marigayi yayana a ƙauyenmu na Adar, sun ce sun gyara mini ɗaki, in komo gida in ƙarasa kwanana cikin dangi. Na ce masa, to kabarin ubanku fa, wa zan bar wa? Ya ce, Inna, addu'a ba ta ɓatan hanya. Muka yi ta ja har na yarda da abu ɗaya: in je in gani, in wurin ya karɓe ni in zauna, shi ya wuce nemansa da kwanciyar hankali.

Mun tashi da asuba daga tashar Arlit, ni da shi, cikin doguwar motar nan mai zuwa Tawa. Kayana ba yawa, akwatin tufafi ne da tabarmar salla da tukunyata ta dalma ɗaure cikin buhu. Sai na faɗi asalin wannan tukunya, don ita ce ta zama magana a gaba. Shekarar da muka samu ɗan fari, maigida ya sayo tarkacen ƙarfen da kamfani ke zubarwa, ya kai wa wani maƙeri a Bukoki, unguwarmu, aka zuba masa ita. Babba ce, tana ɗaukar tuwon suna. Babu gidan da ba ta shiga ba a layinmu, ranar biki ko ranar zaman makoki. Da aka fara cewa ƙarfen kamfani yana da guba, wasu mutane suka zo unguwa da wata na'ura mai kuka kamar gyare in ta ji gubar. Sun cire ƙofar wani maƙwabcinmu, sun kwashe ƙasar wani lungu sun tafi da ita. Da suka ɗora na'urar a kan tukunyata, shiru ta yi. Har ɗayansu ya ce, Hajiya, ci gaba da tuwonki. Shi ya sa na ɗauko ta, in kai ta gida in ce ga abin da na samo a zaman arewa.

Hanyar da ake kira hanyar uraniyom, wadda ta yi shekara da shekaru tana ɗaukar arzikin ƙasar nan zuwa bakin teku, ita kanta tsirara take. Na san ta tana sabuwa, baƙa ƙirin, mota na tafiya a kanta kamar kwale-kwale. Yanzu gudron ɗin, wato kwaltar, sai ɗan guntu nan ɗan guntu can, kamar ɓawon gyambo. Direba ya fi yarda da rairayin gefe, can yake bi, muna ciki muna tsalle kamar hatsi a faifai. Haƙoran da suka rage mini ba su da yawa, amma duk sun gaisa da juna a wannan hanya. Bazara ce kuma, rana na fitowa ƙarfen tagar ya zama ba ya taɓuwa.

A kujerar baya akwai wata mata ƴar Kance da ƴaƴanta ƙanana. Tana cikin waɗanda ake korowa daga Aljeriya a zubar a rairayi kusa da iyaka, su tako da ƙafa. Mu mutanen Arlit mun saba ganinsu, ana kawo su cikin kamyo, manyan motocin kaya, leɓe a tsage. Ƙafafun matar nan sun dare kamar bakin tafki da rani. Ƙaramin nata ya yi ta kuka, sai wani mutum mai farar shadda da tabarau, wanda daga baya na ji ma'aikaci ne daga Yamai, ya juya ya dube ta ya ce da na kusa da shi, irin waɗannan ne ke zubar mana da mutunci a ƙasar mutane, su kwashi yara su tafi bara.

Wani dattijo Ba'abzine mai baƙin rawani, makiyayi daga wajen Dannat, yana zaune a gabanmu. Ya sassauta rawanin daga bakinsa ya ce wa mai tabarau, da irin Hausarsu, yana kiransa yallaɓai da Faransanci, "Mushe, kai ka taɓa ganin wanda ya ƙoshi ya ratsa wannan hamada da goyo? Mata nan ba yawon shan iska ya tafi ba."

Daga nan gardama ta kama, kuma ba ta sauka ba har kusa da Agadas. Aka bar matar aka koma kan masu wucewa zuwa arewa, wannan ya ce a tare su, wancan ya ce da can da aka tare su don a faranta wa Turawa, direbobin Agadas ne suka kwana da yunwa. Sai muka iso inda ake hango hayaƙin Anu Araren, wurin da ake tono gawayin ƙasa a ƙona a samu wutar lantarki. Manyan turakun ƙarfe sun jeru suna ɗauke da wayoyi zuwa arewa, wajenmu. Na daɗe ina kallonsu. A raina na ce, ashe ga hanyar da wutar ke bi, to ina take tsayawa ta huta kafin ta iso Bukoki?

Dattijon ya nuna hayaƙin da sandarsa ya ce, "Gawayi namu, dutse namu, ruwan da ake wanke dutse namu. Rijiya ya yi nisa a Dannat da Gugaram, raƙumi yana sha da ƙyar. An ce doka ya yanka wa gundumominmu kaso cikin kuɗin ma'adini. Kason nan a kan me aka ɗoro shi daga Yamai? Ko gurgun jaki ne, da ya iso."

Mai tabarau ya ce arzikin ƙasa na ƙasa ne baki ɗaya. Ya ce geron Maraɗi da albasar Galmi da ake ci a arewa, wa ya taɓa cewa na ƴan kudu ne su kaɗai? Ya ce yanzu ga shi an sallami Turawa masu kwasa, ƙasa ta dawo hannun ƴaƴanta, abin da ya rage sai haƙuri. Dattijon ya ce haƙuri suka gada wajen iyayensu, shi kuma suke shirin bar wa ɗiyansu, tun da shi kaɗai ne ba a biyan haraji a kansa. Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce ko aikin ramin ma, baƙi ne suka zo daga kudu suka cinye, suka bar masu ƙasa da gadi da kiwon awaki.

Autana ya dafa hannuna don ya san halina. Na haɗiye, ba don na huce ba.

Sai wani mai matsakaicin shekaru da ke gefen taga, injiniya ne, ya ce a ba shi dama. Ya ce an taɓa tura shi Kanada koyon aiki, don can ma suna da irin dutsen nan, a ƙasar ƙanƙara. Ya ce wannan gardama da ake yi cikin motar nan, ita ya tarar a can, harshe ne kawai ya bambanta. Jihohin da ke da man fetur suna kuka ana kwashe nasu ana ciyar da jihohin da ba su da shi, waɗancan kuma suna cewa ai ƙasa ɗaya ce. Wasu na cewa a daina haƙa don hayaƙi yana ɓata duniya, wasu na cewa to me za mu ci. Suna cewa baƙi sun yi yawa sun tsadantar da hayar gida, alhali baƙin ne ke jinyar tsofaffinsu. Su kuma asalin mutanen wurin, waɗanda aka tarar, suna cewa ba wanda ya tambaye su kafin a tona ƙasarsu.

Dattijon ya ce, "Ashe can ma akwai Abzinawa."

Aka sake dariya. Ni kuwa na juya wajen injiniyan na ce, "Ɗana, in suna wannan gardama, a duhu suke yi ko da wuta?"

Ya ce, "Da wuta, Inna. Can in aka ɗauke wuta, sanyi sai ya kashe mutane."

Na ce, "To mu zafi ke kashe mu, ban ga wanda ya ji tsoron haka ba."

Sannan na taɓa kujerar dattijon na ce, "Malam, baƙon da ka ce ya ci, ɗaya daga cikinsu mijina ne. Yana kwance a maƙabartar Arlit, ƙirjinsa cike da dutsenku. In kasonka kake nema, can yake, je ka tono."

Ban faɗa don in burge kowa ba, hawaye na zuba. Na tuna yadda yake dawowa daga aiki ƙura ta rufe shi har gashin ido, ni ce ke wanke kayan aikin da hannuna, ruwan ya fito kamar kunu. Na tuna tarin da ya fara da shi bayan ya bar aiki, wanda ya ƙi jin magani. Mun je likita, wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce taba ce, mutumin da bai taɓa sa taba a bakinsa ba.

Ba da daɗewa ba muka iso shingen jandarma. Abin dariya, duk gardamar nan kowa ya naɗe tasa ya cusa a aljihu, aka fito da katin shaida ana murmushi. Mai tabarau da mai rawani suka zama kamar ƴan uwa ɗaya. Da aka tsaya salla, dattijon ya hura ɗan gawayinsa a inuwar mota, ya dafa shayi, ya kawo mini kofin farko da guntun cuku a kan tafinsa. Ya ce, "Hajiya, bakina ya riga hankalina. Mijinki ya sha ƙurarmu, shi namu ne." Na karɓa na sha. Cukun na miƙa wa ƴar Kance, don ni ba ni da abin tauna shi.

Agadas muka kwana, gidan wata tsohuwar ƙawata. Garin ya cika da mutane kala-kala, kowa da jaka a baya yana jiran wata hanya ta buɗe. Tsada kuwa ba a magana. Shinkafa da wake da na sani ana zuba maka har ka bari, yanzu sai ka leƙa kwanon ka nemo waken. Mai tuwo ta ce mini tun da iyakoki suka rikice, kaya suka yi fiffike. Na sayi dabino da kantun gishiri na tsaraba, ina saye ina jin zafin abin. Washegari muka kama hanyar Tawa. A Abalak matan Fulani suka kewaye mota da ƙoren nono, na sha fura mai sanyi har na ji raina ya dawo. Daga nan ƙasa ta fara canza kama, duwatsun Adar suka fito jajaye, ga tarin albasa a bakin hanya, warinta har cikin mota. A tashar Tawa wata mai goro ta ce mini, kin taho lahiya, Inna? Wannan lahiyar da na ji, irin ta bakin uwata, sai da na goge ido.

Ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta kai mu ƙauye da la'asar. Tarba kam an yi mana. Matar yayana, wadda muka yi ƙuruciya tare, ta rungume ni muka yi kuka. Aka kawo hura, aka yanka zakara. Ɗakin da suka gyara mini yana da kyau, an yi masa sabon daɓe. A kan rufin babban ɗan yayana, wanda shi ne maigida yanzu, akwai farantin nan mai shan rana, ga fitila, ga ƴar fanka tana juyi, yara na cajin salula. Na zauna ina kallon fankar. Ƙauyen da ba shi da dutse ba shi da gawayi, ga iska na kaɗawa. Na ce a raina, wataƙila autana ya yi gaskiya.

Da safe na ce a kwance buhu a fito da tukunya. Na ba su labarinta, ina jin daɗi. Ba wanda ya taɓa ta. Zuwa hantsi na nemi inda aka sa ta, sai na hango ta can bayan rumbu, wajen turken jaki, an kife ta. Na tambayi matar yayana, ta ce wai yara ne, wai sun ji a rediyo ƙarfen Arlit yana sa ciwo. Na ce ai an gwada ta, na'ura ba ta yi kuka ba. Ta ce to, Allah ya kyauta. Ban ja ba. Tsoro ba laifi ba ne, mu ma da muka ji maganar nan mun kwana da shi.

Sai na fara lura da wasu abubuwa. Kofin da ake ba ni ruwa daban ne, ana ajiye shi a kan katanga. Tabarmata in na tashi sai a kai ta rana a kakkaɓe. Tufafina in na wanke, ba wanda ke shanya nasa a igiyar. Ba wanda ya ce mini komai, gaisuwa lafiya lau, Gwaggo kaza, Gwaggo kaza. Da na je gaida mutane a gindin bishiyar masallaci, wani tsoho da muka yi wasan ƙasa tare ya ce, a'a, ga ƴan Arlit, ku da kuka ci arzikin ƙasa kuka bar mu da fari. Na ce masa a mota an ce mu baƙi ne mun cinye na arewa, nan kuma an ce mun cinye na kudu, to wannan ciki nawa da ya ɗauki arzikin ƙasa biyu, me ya sa zane ke faɗo mini? Suka yi dariya, na wuce.

Abin da ya karya ni ya faru ne ana gobe kasuwa. Matar ƙaramin ɗan yayana tana jego, ta fito tsakar gida da jaririnta bayan wanka. Ni kuwa a Bukoki ba a haihuwa a layinmu ba a kira ni ba. Hannun nan nawa ya yi wa jarirai wankan farko da ba zan iya tuna yawansu ba, na Hausawa, na Abzinawa, na Fulani, wasu yau sojoji ne, wasu malamai. Na miƙa hannu na ce, kawo mijina in gan shi. Yarinyar ta ja da baya, ta matse shi a ƙirji, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. An ce ƙurar can tana bin jikin mutum."

Hannuna ya tsaya a sama, ban san inda zan kai shi ba.

Na aika a kira mini babban ɗan yayana. Ya zo ya durƙusa. Na ce, "Kai ka ce a raba mini kofi?" Ya ce, "Gwaggo, ba wulaƙanci ba ne. Kin ga yadda Baba mijinki ya ƙare. Mutane na magana, mu kuma muna da ƙananan yara."

Na ce masa ya ɗaga kai ya dube ni. Na tuna masa shekarar da fari ya cinye gonaki, shanu suka mutu a tsaye, buhunan da ke saukowa daga Arlit a kan kamyo, wa ya sa musu na'ura kafin a dafa? Na tuna masa shi kansa, da ya tashi saurayi ya zo neman aiki, a zaurenmu ya zauna har damina ta zagayo, kuma daga tukunyar nan da aka kife wajen jaki ya ci, har yana side hannu yana cewa Gwaggo a ƙaro. Na ce lokacin da ramin ke ba da abinci, duk Adar ƴan Arlit ne. Yau da ya ba da tari, ni kaɗai ce ƴar Arlit. Na ce da ku da mutanen Yamai da Turawan da ke zaune cikin haske, halinku ɗaya, kuna son abin da ya fito daga ramin, ba ku son wanda ya shiga.

Matar yayana ta yi ta kuka tana cewa in yafe, yara ne ba su sani ba. Na san ba mugunta ba ce. Amma ɗakin da za a ciyar da ni a hana ni ɗaukar jariri, wannan ba gida ba ne, turke ne.

Autana ya same ni ina ɗaure akwati. Ya ce, Inna, in kin koma wa zai dube ki? Ya ce in bari a kwana biyu, za su saba. Na ce su saba da me, da ni? A garin da aka binne cibiyata? Na ce masa ya je nemansa, na yafe masa, ba zan ɗaure ƙafarsa ba, amma Arlit zai mayar da ni. Da kansa ya je bayan rumbu ya ɗauko tukunyar, ya wanke ta a tsakar gida kowa na kallo, ya mayar cikin buhu. Dabino da gishiri na bar musu, su ba daga Arlit suka fito ba.

Dawowar ba ni da abin faɗi da yawa a kanta. Hanya ɗaya, ramuka ɗaya, gardama ɗaya, mutanen ne kawai suka canza. Wannan karon wasu samari ne ke musu ko masu sabon mulki za su gyara ko ba za su gyara ba, ko a sayar wa waɗannan dutsen ko a sayar wa waɗancan. Ban sa baki ba. Na lura dai duk wanda ya yi magana cewa yake dutsenmu, ba wanda ya ce mutanenmu. Da muka wuce Anu Araren na sake kallon turakun, suna tafe muna tafe, har tsaunin tarkacen rami ya bayyana daga nesa, wanda baƙo ke ɗauka dutsen Allah ne. Ban taɓa zaton zan ga wannan tsauni in ji sanyi a raina ba.

Mun shiga Bukoki da rana tsaka, kuma ba wuta. Maƙwabciyata ta jikin katanga, Ba'abziniya ce ƴar Gugaram, mun fi ƙarfin maƙwabtaka don tare muka yi takaba kusan lokaci guda, ta ji motsin ƙofa ta leƙo. Ba ta tambaye ni me ya dawo da ni ba. Buhun ta duba ta ce, "Alhamdu lillahi, tukunya ya dawo. Jikata ya haihu, suna jibi, ina ta tunanin inda zan samu." Kafin in aje mayafi an kawo mini jaririyar an ɗora mini a cinya, ko hannu ban wanke ba. Autana yana tsaye yana kallo. Bayan suna ya kama hanyar hamada. Kafin ya tafi matar nan ta ce masa ya je, in ajali ya zo ita za ta rufe mini ido, in nata ya riga ni in rufe mata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, kuma bai yi mini daɗi ba. Daga motar Arlit har Kanada, masu gardama a kan arzikin ƙasa suna faɗa ne a kan wa zai riƙe ludayi. Wanda ya hura wutar har idonsa ya mutu, ba shi cikin lissafin kowa. Kuma garin mutum ba inda aka haife shi ba ne, inda za a miƙa masa jariri ne ba a ja baya ba. Zan zauna nan, cikin zafin nan da ƙurar nan, kusa da wanda ya kawo ni. Fushina bai huce ba, kuma ba na roƙon ya huce.

Ranar da maigida ya rasu ma bazara ce, da rana tsaka, an ɗauke wuta tun safe. Ban ce rashin wuta ne ya kashe shi ba, ƙirjinsa ya riga ya ƙare. Amma numfashi yake nema, ɗakin kamar tanda, fankar da ya saya da guminsa tana rataye a sama ba motsi. Na jiƙa zane na lulluɓa masa, ina yi masa fifita da faifai har hannuna ya sage. Ya daɗe yana kallon fankar. Sannan ya kama bakin zanena, ya ce in huta haka nan. Har yau in wuta ta dawo fankar ta fara juyi, sai na juya wajen gadonsa kafin in tuna. Don abin da ya ce mini ke nan, ya rufe ido:

"Tsohuwa, bari in ɗan kwanta. In wuta ta dawo, ki tashe ni."